Me Ya Hana Wata Faɗowa? Daga Parabol ɗin Kan Rufi Zuwa Watannin Zuhal

Assalamu alaikum jama'a. Masu kallonmu na Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri da Njamena, barkanmu da wannan lokaci.

Me ya riƙe wata a sama? Me kuma ya riƙe taurarin ɗan'adam da ke kawo mana hoton talabijin? Ba igiya, ba ginshiƙi, kuma injinsu ba ya ruri dare da rana kamar na jirgin sama. Amsar ita ce, dukansu faɗowa suke yi, kowane sakan. Ƙasar ce kawai ba sa samu.

[Hoto: dutsen Rumsiki]

A ce mutum ya hau ƙololuwar dutsen Rumsiki ya yi jifa, ba sama ba, gaba miƙe. Duk abin da ya bar hannu yana yin ƙasa da kusan mita 5 a sakan na farko, ko an wurga shi da ƙarfi ko sakinsa kawai aka yi. Ƙarfin jifa nisa kaɗai yake ƙarawa. To ita duniya dunƙulalliya ce, a duk kilomita 8 da aka yi gaba doronta yana sunkuyawa da kusan mita 5. Ku haɗa biyun. Dutsen da ya ci kilomita 8 a sakan ɗaya ya faɗo mita 5, ƙasa ita ma ta janye mita 5. Tazararsu tana nan yadda take. Haka zai yi ta faɗuwa har ya zagayo ya zo ta bayan mai jifar.

Abin da zai ɓata wannan lissafi iska ce. Da irin wannan gudu, kusan kilomita 28,000 a awa, iskar da muke shaƙa za ta ƙone dutsen ƙurmus. Shi ya sa roka take fara miƙewa sama don ta fita daga iska mai kauri, sannan ta karkata ta kwanta. Yawancin man da take sha ba a hawa yake ƙarewa ba, a neman gudun gefe ne. Galibi gabas ake karkata ta, saboda juyawar duniya tana ba da kyautar gudu, mita 465 a sakan a kan layin ikwaita. Turawan Turai ba don son zafi suka kafa tashar harba rokokinsu a Kuru ta Giyanar Faransa, a Kudancin Amurka, ba, wurin digiri 5 ne kacal arewa da ikwaita.

Na farko da ya yi wannan zagaye shi ne Sputnik na Tarayyar Sobiyet, ranar 4 ga Oktoba 1957: ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 83, yana kewaye duniya a minti 96. Wata uku ya yi ya ƙone a iska.

Ga ƙa'idar da duk sauran bayanin nan ya rataya a kanta. Ba mai tauraro ne ke zaɓar gudunsa ba, tsayin da ya ajiye shi ne ke yanke masa. Na kusa dole ya yi sauri, na nesa tafiyarsa a hankali take. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kilomita 400 a sama, tana gudun kilomita 7.7 a sakan, tana gama zagaye a kusan minti 92. Mutanen da kuke gani suna shawagi a cikinta ba don jan duniya ya ƙare ba ne. A wannan tsayi jan yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Su da ɗakin nasu ne suke faɗuwa tare. Har can ma akwai burbushin iska da ke rage mata tsayi a hankali, sai lokaci-lokaci an kunna inji an ɗaga ta.

Ana ganinta da ido. Ku duba bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da mu muna cikin duhu ita kuwa rana na haska ta. Haske ne fari, tsayayye, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, yana ratsa sama a minti huɗu zuwa shida. Wani lokaci sai ya dushe ya ɓace a tsakar sama: inuwar duniya ya shiga.

A ɗan sama da nan, kilomita 705, akwai taurarin Landsat na Amurka, jerin da aka fara harbawa a 1972. Su ta arewa da kudu suke zagayawa, duniya tana juyawa a ƙarƙashinsu, sai kowanne ya dawo kan wuri ɗaya duk kwana 16. Da hotuna irin nasu aka auna yadda Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa zuwa shekarun 1980.

Taurarin GPS suna kilomita 20,200, zagaye biyu a rana. Wayar ɗan acaɓa ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Kowane tauraro yana faɗin inda yake da lokacin agogonsa, wayar ta auna jinkirin isowar saƙon daga guda huɗu aƙalla, ta fitar da inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da kuskuren mita 300 a ƙasa.

Idan aka ci gaba da hawa, akwai tsayi guda da zagaye ke ɗaukar awa 23 da minti 56, daidai juyin duniya ɗaya: kilomita 35,786, a saitin ikwaita. Tauraron da ke nan yana gudun kilomita 3 a sakan, amma da yake tare yake juyawa da mu, a idonmu yana tsaye cik. Wannan zobe ɗaya ne tak. Babu dabarar da za ta tsayar da tauraro a saman Marwa a kilomita 500, komai kuɗin mai shi.

[Hoto: rufin gidaje da parabol]

Duk parabol ɗin da ke kan rufin gidajenmu wannan zobe yake kallo, kuma ana kiran mazaunin kowane tauraro da layin da yake saitinsa. Nilesat na Masar yana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat yana digiri 26 gabas, Eutelsat 16A yana digiri 16 gabas, SES-4 yana digiri 22 yamma.

Da yake muna kusa da ikwaita, Garwa digiri 9 da ɗan abu, Njamena digiri 12, zoben yana bi ta kusan tsakar kanmu, ya ɗan karkata kudu. Daga Garwa, tauraron digiri 16 gabas yana sama da kusan digiri 79, kusan kai tsaye bisa kai. Na digiri 22 yamma kuwa yana tsayin digiri 48, a yamma, da 'yar karkata kudu. Daga Njamena, Nilesat yana tsayin digiri 61 a kudu maso yamma, Badr yana digiri 71 a kudu maso gabas. Mai haɗa parabol ya riƙe abu ɗaya: yawancin ƙananan farantan nan ba inda fuskarsu ta dosa suke kallo ba. An ƙera su ne da kai, wato na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina, a ɗaure ta ƙasa-ƙasa, don haka suna hangen kusan digiri 22 zuwa 26 sama da yadda ido ke zato. Farantin da ake ganin kamar bangon maƙwabci yake kallo, sau da yawa ta samansa yake leƙawa. Bishiyar dalbejiyar da ake ganin ta yi sama, ana zaton ba ta tare komai, ita ce kuma take tarewa.

Fara da turke. A sa ma'aunin ruwa na magina a tabbatar ya miƙe sak ta ɓangarori biyu, domin idan turke ya karkace duk lambobin da ke jikin maƙalin farantin sun zama ƙarya. Sai a ɗaure tsayin, a bar ƙusoshin juyawa da ɗan sassauci, a riƙa juya farantin kaɗan-kaɗan ana dakatawa sakan biyu zuwa uku, don dikoda ba ta amsawa nan take. Farantin santimita 90 faɗin ganinsa kusan digiri 2 ne gaba ɗaya. Kauce digiri ɗaya, rabin sigina ya tafi.

A allon akwai layi biyu, ƙarfi da inganci. Na ƙarfi yana iya cika ko da farantin na kallon banza, shi dai yana nuna cewa kai yana samun wuta. Inganci ake bi.

Inda aka fi yin kuskure a yankinmu shi ne murɗa kai, wato LNB. Tauraro yana aiko sigina iri biyu, na tsaye da na kwance. Idan tauraron yana can gefe, gabas ko yamma, abin da yake tsaye a wurinsa a karkace yake iso mana, kuma kusa da ikwaita karkatar tana da yawa ƙwarai. Daga Njamena zuwa digiri 7 yamma lissafi yana ba da kusan digiri 60, daga Garwa zuwa digiri 22 yamma fiye da 70. Wanda ya kwaikwayi hoton da ke takardar kwali, wanda aka zana don Faransa, ya ɗaura kan a miƙe, zai sami wasu tashoshi wasu su ƙi, ya yi ta zargin dikoda. A sassauta, a murɗa a hankali har inganci ya kai ƙololuwa, sannan a ɗaure.

Waya ma tana da nata. Dikoda tana tura volt 13 ta cikinta idan tana son sigina na tsaye, volt 18 idan na kwance. Waya mai arha, ko mai tsawo da yawa, ko wadda ruwa ya shiga bakinta ta yi tsatsa, tana cinye wutar a hanya, 18 ya iso bai cika ba. Alamarsa ita ce rabin tashoshi su ɓace rabi su tsaya. A yanke bakin, a sa sabo, a naɗe da tef mai hana ruwa, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwa ya ɗige a waje.

Akwai ɗaukewar hoto iri biyu da ba laifin kowa ba ne. Ruwan Agusta mai ƙarfi yana shanye siginar ƙananan faranti, wadda ke tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75. Ƙurar hunturu ba ta yi mata wannan illa sosai, ɗigon ruwa ne abokin gabarta. Maganinsa faranti mafi girma, ko haƙuri. Na biyu yana zuwa wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba: rana tana bi ta bayan tauraron daidai, hayaniyarta ta danne siginar na 'yan mintoci, a kusan lokaci ɗaya, kwanaki kaɗan a jere. Kada a hau rufi a taɓa komai.

Shi kansa tauraron ba zaune yake lafiya ba. Wata da rana suna fizgarsa, suna karkata hanyarsa da kusan digiri 0.85 a shekara. Sai masu kula da shi sun riƙa kunna ƙananan injina suna mayar da shi mazauninsa. Man wannan aiki ne ke yanke masa kwana, yawanci wajen shekara 15. Kafin ya ƙare ƙaf, akan yi amfani da ragowar a tura shi kusan kilomita 300 sama, a kashe shi a can, a bar wa wani wurin. Wasu ba sa kaiwa: NigComSat-1 na Najeriya, da aka harba a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, sai a Disambar 2011 aka harba madadinsa. A ƙasa-ƙasa kuma cunkoso ne matsalar. A Fabrairun 2009 wani tauraron Iridium mai aiki ya yi karo da mataccen tauraron Rasha a kusan kilomita 790 saman Saberiya, suka tarwatse gutsuri-gutsuri har dubbai.

[Hoto: jinjirin wata]

Watanmu yana kilomita 384,400, ninki goma da wani abu na nisan taurarin talabijin. Yana cin kilomita ɗaya a sakan, a cikin wannan sakan yana faɗowa wajenmu milimita ɗaya da ɗan kai. Zagayensa kwana 27.3 ne. Amma kafin ya gama, duniya ta riga ta matsa gaba a tata hanyar ta kewaya rana, sai ya ƙara kwana biyu kafin ya sake daidaita da rana. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi kenan. Shi ya sa wata yake yin 29 ko 30, shekarar Hijira take kwana 354, azumi kuma yake matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Fuska ɗaya yake nuna mana, domin juyawarsa a kan kansa da zagayensa lokaci ɗaya suke ɗauka. Ba a ga bayansa ba sai 1959, da na'urar Luna 3 ta ɗauko hoto. Kuma yana nisa da mu santimita 3.8 a shekara. An auna wannan ne da hasken lesa da ake harbawa kan madubban da 'yan sama-jannatin Apollo na Amurka suka bari can tun 1969. Dalili: wata yana kumbura tekun duniya, duniya kuma ta fi shi saurin juyawa, sai kumburin ya riƙa wuce shi yana jansa gaba, jan gaba kuma ɗaga shi yake yi.

Mars ta nuna kishiyar haka. Watanninta biyu ne ƙanana, Fobos da Daimos, Asaph Hall ya gano su a 1877. Fobos yana kilomita 6,000 kacal daga doronta, yana zagayawa a awa 7 da minti 39, alhali ranar Mars awa 24 ce da minti 37. Ya fi duniyarsa sauri, don haka daga yamma yake fitowa ya faɗi gabas, kumburin da yake tayarwa kuma yana bayansa yana riƙe shi. Yana saukowa kusan mita biyu a shekara ɗari. Nan da wasu miliyoyin shekaru ko ya faɗa mata ko ya farfashe ya zama zobe.

Zara, wadda muke wa kirari da matar wata, ita ba ta da wata ko ɗaya. Haka ma Makyuri.

Masu tarin watanni su ne manyan duniyoyin can nesa. A lissafin 2025 Zuhal, wato Saturn, tana da 274, Mushtari, wato Jupita, tana da fiye da 90, mafi yawansu duwatsu ne ƙanana da suka kamo. Huɗu na Mushtari ne suka yi suna: Io, Yuropa, Ganimid da Kalisto, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Madubin hangen nesa na hannu mai ƙarfin ninki 10 yana nuna su, muddin an jingina shi da katanga don kada hannu ya yi rawa: ɗigon haske a jere gefen Mushtari, gobe kuma jerin ya sauya. Ganimid, mai faɗin kilomita 5,268, ya fi duniyar Makyuri girma.

Io ya cancanci a tsaya a kansa. Girmansa kusan na watanmu, amma yana da duwatsu masu aman wuta kusan 400, a wurin da hasken rana ba shi da wani zafi. Wutar daga ina? Duk zagaye ɗaya na Ganimid, Yuropa yana yin biyu, Io yana yin huɗu. Da yake suna haɗuwa a wurare iri ɗaya kullum, fizgar da suke wa juna ta hana hanyar Io zama da'ira sosai. Yana matsawa kusa da Mushtari ya ja baya duk awa 42 da rabi, jikinsa yana matsuwa yana sakuwa, doronsa na tashi da sauka har kusan mita 100. Wannan murzar ce ke narkar da cikinsa. Irinta, amma mai sauƙi, ita ake ganin ta hana tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Yuropa daskarewa.

A Zuhal akwai Titan, mai iskar da ta fi tamu kauri, da sanyin digiri 179 ƙasa da sifili, da tafkunan iskar gas da ta zama ruwa. Na'urar Huygens ta sauka a kansa ranar 14 ga Janairu 2005. Akwai Enseladus, faɗinsa kilomita 500 kawai, yana feso ruwa da ƙanƙara ta tsagogin kudancinsa. Can wajen Neftun kuma Tiriton baya-baya yake zagayawa, saɓanin juyawar duniyarsa, alamar kamo shi aka yi daga waje.

Ɗan'adam ya kai nasa taurarin ga waɗannan duniyoyi, farawa da Mariner 9 da ta shiga zagayen Mars a Nuwambar 1971. Wahalar ba isa ba ce, tsayawa ce. Na'urar tana isowa da gudun da ya fi ƙarfin duniyar ta riƙe ta, dole ta juya injinta gaba ta taka birki a daidai wurin, na daidai mintoci. Ba mai iya tuƙa ta daga nan, saƙo zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa.

A Disambar 2010 na'urar Akatsuki ta Japan ta isa Zara. Injin da ya kamata ya yi minti 12 yana ci ya mutu kafin minti uku, saboda gishiri ya toshe wani bawul a hanyar mai. Ta wuce. Shekara biyar ta yi tana kewaya rana, sai a Disambar 2015 injiniyoyin suka kunna ƙananan injinanta na gyara saiti na kusan minti 20, ta samu shiga. Mars Climate Orbiter ta Amurka ba ta yi wannan sa'a ba. A 1999 wani rukunin ma'aikata ya ba da ƙarfin turin inji da ma'aunin fam, wani rukunin ya karanta shi a ma'aunin niyuton, bambancin ninki 4.45. Na'urar ta sauko kusan kilomita 57 daga doron Mars, alhali ƙasa da 80 ba za ta tsira ba.

Na'urar Cassini ta yi shekara 13 tana zagaya Zuhal. Da manta ya kusa ƙarewa, ba a bar ta tana yawo ba, don gudun kada wata rana ta faɗa Enseladus ko Titan da ƙwayoyin cuta na duniyarmu a jikinta. Da gangan aka cusa ta cikin iskar Zuhal ranar 15 ga Satumba 2017. Yanzu biyu suna hanyar Mushtari: Europa Clipper da ta tashi a Oktoban 2024, ana sa ran isarta a 2030, da JUICE ta Turai da ta tashi daga Kuru a Afrilun 2023. JUICE za ta isa a 2031, kuma shirin shi ne a 2034 ta bar zagayen Mushtari ta shiga na Ganimid, abin da ba a taɓa yi wa wani wata ba ban da namu.